Hawan dutse: kilomita nawa ne, kuma wa zai ja gaba?

Da zarar ruwa ya ɗauke, sanarwar hawan dutse takan fara yawo a WhatsApp da Facebook da Instagram. Wata ta Jos, wata ta Abuja, wata ta Kaduna. Na karanta da dama a bana, kuma abu ɗaya ya ɗaure mini kai har ya kai ga ɓata mini rai. Za ka ga kuɗin tikiti, da lambar asusun banki, da kalar rigar da kowa zai saka, da albishir cewa akwai mai ɗaukar hoto da sifika da gashin nama a sama. Amma ka karanta daga farko har ƙarshe, ba za ka ga tsawon hanyar ba. Babu kilomita, babu tsayin hawan, babu ƙarfe nawa za a juyo, babu ko kalma ɗaya a kan wanda zai nuna hanya ko ƙauyen da za a ratsa.

Ra'ayina a fili yake. Doguwar tafiyar ƙafa ta yini guda a duwatsun karkara abu ne mai kyau, kuma ina son matasanmu su yawaita yin ta. Amma duk wanda ya tara mutane, ko abokansa ne ko masu biyan kuɗi, ya kai su dutse ba tare da lissafin hanya ba, ba tare da ɗan jagora daga mutanen wurin ba, kuma ba tare da sanin mai unguwa ba, to ya yi ganganci da rayukansu, ya kuma raina mutanen da dutsen yake gidansu. Waɗannan abubuwa uku ba su da tsada. Rashinsu ne ke jawo galibin abin da ake kira tsautsayi daga baya.

"Ai yawon banza ne, kwaikwayon Turawa"

Wannan maganar ta iyayenmu ce, kuma da ita zan fara domin ita ce mafi sauƙin amsawa. Tafiyar ƙafa mai nisa a cikin ayari tsohuwar sana'ar Bahaushe ce. Fatake sun yi ta zirga-zirga daga Kano zuwa Gwanja neman goro, watanni suna bisa hanya. Kuma ba a tarwatse suke tafiya ba: akwai madugu mai yanke shawara, akwai jagaba a gaba wanda ya san hanya, akwai zangon da aka san za a sauka kafin dare, akwai guzuri, akwai gaisuwar da ake kai wa sarkin kowane gari da aka ratsa. Abin da nake nema a wajen masu shirya hawan dutse bai wuce wannan tsarin ba.

Amfanin tafiyar kuma ba ya buƙatar dogon bayani. Mutumin da ke zaune a ofis ko shago kwana shida a mako, likita na ta yi masa faɗa a kan hawan jini da ciwon sukari, yini ɗaya a wata na taka ƙasa ba ɓata lokaci ba ne a wurinsa. Tafiya mabuɗin ilimi. Ɗan Kano da bai taɓa ganin yadda ake noman acca da dankalin Turawa a gefen dutse ba, in ya gani sau ɗaya, yadda yake kallon mutanen Filato zai sauya.

Lissafin da ake gudu

Mu ɗauki duwatsun Shere da ke gabas da Jos, tunda can ne aka fi zuwa. Garin Jos kansa yana kan tsayin kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta kai kusan mita 1,829. A gindin duwatsun ne makarantar horon Man O' War take, inda aka daɗe ana koya wa mutane hawa. Wato dai wuri ne sananne, kusa da gari, wanda ake ɗauka ba shi da wuya. Shi ya sa aka fi yi masa sakaci.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida ta auna lokacin tafiya da wani mai hawan dutse ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Amma wannan awon na ƙaƙƙarfan mutum ne wanda ya saba, a kan hanya mai kyau, ba hutawa. Ayarin mutum goma da suka fito daga birni, a kan duwatsu da ciyawa, da wuya su wuce kilomita 3 a awa.

A ce hanyar kilomita 18 ce zuwa da dawowa, hawan kuma mita 600. Tafiyar kaɗai awa 6 ce. Ƙara awa 1 na hawa, ya zama 7. Ƙara hutun minti 10 bayan kowace awa, da minti 45 na abinci da sallar Azahar. Ka tashi da kusan awa 9. In an ɗaga ƙafa ƙarfe 6:30 na safe, za a dawo gindin dutse wajen 3:30, da sauran rana. In kuwa aka yi abin da aka saba, wato aka ce a hallara ƙarfe 7, bas ta yi ta jiran mutane har 9, aka tsaya hotuna aka fara tafiya ƙarfe 10, to ƙarfe 7 na dare za a sauko. A ƙasarmu rana na faɗuwa wajen 6 zuwa 6:30 a watannin sanyi, kuma cikin rabin awa duhu ya rufe. Awa ɗayan ƙarshe ke nan za a yi ta a gangare, duhu yana rufewa, ƙafafu sun gaji, ruwa ya ƙare. A nan ne ake karyewa.

Mutane da yawa suna ɗauka hawa ne mai wuya, sauka kuwa hutu ce. A kan dutse ba haka abin yake ba. Gangara ce ke cin gwiwa, ita ce ke tura yatsu gaban takalmi har farce ya mutu, kuma a lokacinta ne hankali ya riga ya koma gida. Kada a rage mata lokaci a lissafi.

Saboda haka dole a yanke lokacin juyowa tun kafin a tashi, a faɗa wa kowa. In an ce ƙarfe 12, to da ta buga 12 a juya, ko da ana hango ƙololuwa. Wanda zai yanke wannan hukunci mutum ɗaya ne, kuma a san shi tun a mota. Ayarin da kowa madugu ne a cikinsa kan rabu biyu a daidai wannan wurin: masu ƙarfi su ce saura kaɗan, gajiyayyu su zauna jira, ɗan jagora ɗaya ya rasa wanda zai bi.

Gudun ayari kuma gudun mafi rauni ne a cikinsa. A sa shi kusa da gaba, bayan ɗan jagora. A sa mutum mai ƙarfi da haƙuri a can baya, wanda ba mai wuce shi ta baya, kuma a hannunsa akwatin magani yake. A ƙirga kawuna a kowane hutu. Mutum 6 zuwa 12 shi ne adadin da jagora ɗaya zai iya riƙewa. Ayarin mutum 50 da ake alfahari da shi a hoto yakan miƙe tsawon kilomita guda a kan hanya, na gaba bai san halin da na baya yake ciki ba.

"Muna da taswira a waya"

Taswirar waya tana da amfani, a sauke ta tun a gida domin ta yi aiki ba sabis, a tafi da fawa bank. Amma ga abin da ba za ta faɗa maka ba. Ba ta san cewa ruwan bara ya cinye wannan hanyar ba. Ba ta san kogon da ƙudan zuma suka yi saƙa a bakinsa ba, kuma zumar dutse in ta tashi ba ta barin mutum ya zaɓi inda zai taka. Ba ta san inda makiyaya suka sauka a wannan makon da karnukansu ba. Ba ta san ranar da mafarauta za su cinna wa ciyawa wuta ba, abin da ake yawan yi daga Disamba zuwa Janairu, kuma wutar daji ta fi gudu in tana hawa tudu. Ba ta san wane rafi ne yake da ruwa a watan Fabrairu ba. Manomin da ke gindin dutsen ya san duk wannan tun yana yaro. Da ɗan gari akan ci gari.

Ɗan jagora na gaskiya shi ne mafarauci, ko makiyayi, ko mai gona a saman, wanda mai unguwa ya nuna ya ce wannan namu ne. Yaron da aka tsinta a bakin titi aka ba shi ɗari biyar ba shi ba ne. A yi ciniki da shi kafin a tashi, a gaban shaida. Ladansa kada ya gaza abin da ake biyan mai aikin gona na yini a yankin, ya kamata ma ya ɗara, tunda ya bar aikinsa ya kuma ɗauki nauyin rayuka. A ci abinci tare da shi. In ya ce ba a bi nan, kada a tsaya gardama da shi da waya a hannu.

Abin takaici ne a ce an ware kuɗin mai hoto da na buga riguna, amma in aka zo kan na ɗan jagora sai a fara ƙorafin tsada.

Dutsen yana da masu shi

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna. Baƙi daga birni sukan kalli dutse kamar fili ne da Allah ya ajiye ba na kowa ba. Alhali kowane kwari da kowane tudu a Filato na wasu ne. Kewayen Shere ƙasar Afizere ce, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa. Kudu da Jos, wajen Riyom da Barkin Ladi, ƙasar Birom ce. Akwai gonaki a inda baƙo zai ɗauka ciyawa ce kawai: acca tana ƙarama da wuya wanda bai santa ba ya bambanta ta da haki, kuma ayarin mutum ashirin in ya ratsa ta ya gama da ita. Akwai makabartu. Akwai kurmi ko kogo na al'ada da ba a shiga, ko ba a ɗaukar hotonsa. Ko mutum bai yarda da abin da ake yi a wurin ba, haƙƙin masu wurin ne a bar musu abinsu.

Matakin mai sauƙi ne. Kwana biyu ko uku kafin tafiyar, mutum biyu su je su gaida mai unguwa ko dagaci, da ɗan abin gaisuwa. Su faɗi ko su wane ne, mutum nawa za su zo, wace rana, ta ina za su hau, ta ina za su sauko. Su tambaya: ranka ya daɗe, akwai inda ba a so mu taka? Akwai wata hidima ko zaman makoki a ranar? Su nemi a haɗa su da ɗan jagora. Daga nan su biya ta ofishin ƴan sanda mafi kusa ko wajen ƴan banga su sanar.

Wasu za su ce wannan ai bin ƙa'ida ne fiye da kima. Su tuna halin da ake ciki. Yankunan Riyom da Barkin Ladi da Bokkos da Mangu da Bassa sun sha fama da rikici da hare-haren dare. Mutumin ƙauyen da ya hango baƙin fuskoki goma sha biyar da jakunkuna a baya suna gangarowa daga bayan dutse da magariba, ba wanda ya sanar da shi, me ake so ya zata? Kuskuren fahimta irin wannan ba ya ba da lokacin bayani. Gaisuwar minti ashirin a ƙofar mai unguwa ita ke sa labari ya riga ku isa gonaki da rugage.

Akwai kuma wuraren da amsar kawai ita ce a'a. Duwatsun Gwoza da dazukan Birnin Gwari ba wurin yawo ba ne a yanzu, komai kyansu. Wurin da yake lafiya bara ma yana iya sauyawa bana, shi ya sa tambayar ta zama ta kowace tafiya. In mutanen gari suka ce ku bari sai wani lokaci, a bari. Kuma a daina wallafa ainihin rana da hanya da wurin taruwa ga duk duniya. A tura wa waɗanda suka yi rajista kaɗai, hotuna kuma a saka bayan an dawo gida.

Sauran ladubban sanannu ne, amma ana taka su kullum. A yi sallama ga duk wanda aka tarar. Kada a ɗauki hoton mata a rafi ko yara ko bukkar wani ba izini. Kada a tsinki mangwaro ko masarar gona. Kada a ratsa tsakiyar garken shanu, a zagaya, a bar makiyayi ya kira karensa. Shingen kerana da ke kewaye da gidaje da gonaki a Filato ba a karya shi, ruwansa fari yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa sai an yi ta wankewa da ruwa mai yawa a nufi asibiti. Sifika a bar ta a mota. Ledar ruwa da robar lemo duk wanda ya hau da su ya sauko da su, domin akuya da saniya suna haɗiye leda ta kashe su, kuma asarar ta talakan da bai gayyaci kowa ba ce.

"Mun saba da rana, ba sai mun ɗauki kaya ba"

Sabo da rana a bakin shago daban, tafiyar awa bakwai a cikinta daban. A lissafa aƙalla rabin lita na ruwa ga kowace awa ta tafiya, wato ledar ruwa ɗaya. Tafiyar awa 7 tana neman lita 3 da rabi ga kowane mutum, leda 7 ke nan, a watan Maris ko Afrilu kuma fiye da haka. Kowace lita kilo ɗaya ce, don haka ruwa ne mafi nauyin kayan, kuma shi ne ba a ragewa. Gora mai murfi ta fi leda, domin leda na fashewa a jaka kuma in an buɗe ta dole a shanye. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya zo. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja ya ragu, ruwan jiki ya yi ƙasa.

Gumi yana tafiya da gishiri, kuma shan ruwa zalla da yawa ba ya mayar da shi. A tafi da ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyu ga kowa. In babu, a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Ruwan rafi komai haskensa akwai shanu da mutane a samansa. In dole ta sa, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafasa, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa a jira lokacin da aka rubuta a jikin kwalinta.

Guzurin gida ya fi na kanti dacewa da wannan tafiya. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daƙuwa, kilishi kaɗan, dafaffen ƙwai, ayaba, burodi: ba sa lalacewa da wuri, ba su da nauyi, kuma suna riƙe ciki. A ci kaɗan a kowane hutu. Shinkafa da miya a kula ta jira a gindin dutse. Wanda ya cika ciki da ita a sama, barci zai nema.

Takalmi ne ke yanke hukuncin yadda yinin zai ƙare. Silifa da takalmin fata mai sulɓin ƙasa ba su da wuri a nan. Kambas mai kaushin ƙasa ya isa, amma wanda aka riga aka saba da shi, kada a sayi sabo jiya a sa yau. A yanke farce. A sa safa mai kauri, a riƙe wata a jaka. Da an ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, a tsaya nan take a manna filasta tun bai zama bororo ba. Dogon wando ya fi gajere saboda ƙaya da kaska da maciji. Mata su sa wando a ciki, su zaɓi hijabin da bai wuce gwiwa ba ko su ɗaure shi a ƙugu, domin mai jan ƙasa yana harɗe ƙafa a gangara kuma yana maƙalewa a ƙaya. Hula mai faɗi irin malafa ta fi hular kwano.

A ɗauki rigar sanyi ko da an fito cikin rana. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowane mita 1,000 na hawa, ga iska a sama, ga riga jiƙe da gumi. A Disamba da Janairu sanyin Jos da dare kan sauka kusa da digiri 10. Wanda ya yi targaɗe ya kwana a sama da ƴar shimi zai gane bambancin.

Sauran kayan kowa: tocila ta gaske banda ta waya, usur, da leda babba ta shara. Na ayari: bandeji mai naɗewa guda biyu ko uku, filasta, auduga da maganin wanke ciwo, farasitamol, ƙaramar wuƙa, ashana, da zane mai ƙarfi guda biyu. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, mai ciwon sukari ya faɗa wa madugu tun a gida. Jakar yini kada ta wuce kilo 6 zuwa 7.

In abu ya faru

Zafi ne ya fi kama mutane. Alamunsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya, da ɗaurewar ƙafa. A kai mutum inuwa, a kwance masa kaya, a jiƙa jikinsa a yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari. In ya fara magana ba kan gado ko ya rikice, abin ya wuce gajiya: a ci gaba da sanyaya shi, a nemi hanyar asibiti nan da nan.

Targaɗe a naɗe shi da bandeji, a raba kayan mai shi, a sara masa sanda. In ba ya iya taka ƙafar ko kaɗan, a ɗauke ta a matsayin karaya, a ɗaure da itace biyu, kada wani ya ce zai ja ta. Da sanduna biyu da zane ake haɗa abin ɗaukar mutum, kuma saukar da babban mutum daga dutse yana neman mutum shida zuwa takwas suna karɓa-karɓa. Galibi matasan ƙauyen da ke ƙasa ne ke yin wannan aikin. Ga wani dalilin gaisuwar nan.

Maciji kuwa, yawancin sara yana zuwa ne daga zura hannu a ramin dutse ko taka ciyawa ba dubawa. Kububuwa da kasa suna kwanciya a inda launinsu ya saje da ƙasa. In an yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya ko roba, kada a ɓata lokaci neman macijin. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a hana gaɓar motsi da itace, a ɗauki mutumin in zai yiwu, a nufi asibitin da ke da allurar dafi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya jin kamar ya samu sauƙi alhali jini na zuba a ciki. Kaltungo a Gombe da Zamko kusa da Langtang sun yi suna wajen wannan magani, amma aikin madugu ne ya san asibiti mafi kusa da hanyarsa mai allurar tun kafin ranar.

Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, hadarin Filato yakan haɗu ne da rana zuwa yamma. A ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, a bar ƙololuwa, a nisanci itacen da yake tsaye shi kaɗai da bakin kogo, a warwatsu kada a cure wuri ɗaya. Falalen dutse in ya jiƙe santsi gare shi. Rafin da aka tsallake da safe a idon sawu yana iya kai ƙugu da yamma, kuma ruwa mai gudu in ya wuce gwiwa ba a shiga, jira ake yi. Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa da sababbin shiga.

Sai kududdufan kuza. Haƙar ma'adinai tun farkon ƙarni na 20 ta bar tafkuna birjik a Filato, masu kyan gani a hoto. Gaɓarsu a tsaye take, zurfinsu ba a gani, ruwan da sanyi, ƙasan da laka. Gajiyayyen mutum da ya ce bari ya ɗan watsa ruwa, a nan ake rasa shi. Kada a shiga.

Kafin a tashi a bar wa wani a gida takarda: sunayen kowa, hanyar da za a bi, lambar ɗan jagora da ta mai unguwa, da lokacin da in bai ji daga gare ku ba zai fara neman taimako. Lambar gaggawa ta 112 tana nan, amma a cikin kwari sau da yawa babu sabis. A yi alama da usur: busa uku a jere na nufin a zo.

"Duk wannan zai kashe daɗin abin"

Akasin haka nake gani. Ayarin da ya fito da asuba yana hawa cikin sanyi, ya isa sama kafin rana ta take, ya zauna ya ci guzuri a natse, ya yi sallah, ya sauko ana hira. Wanda ya fito da hantsi kuwa rabin yininsa ƙishi ne da jiran na baya da rigimar wa ya ɓatar da hanya. Kuɗin da shirin ya ƙara, wato ladan jagora da gaisuwa da akwatin magani, in an raba wa mutum goma, bai kai kuɗin rigar da ake bugawa ba.

Muna ma da misalai a gida. Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali a Adamawa, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, tana da hanyoyin dutse da kakanninsu suka shimfiɗa har zuwa fadar Hidi, wato sarkinsu, a sama, kuma baƙo ba ya hawa sai da sanin masu gari. Chappal Waddi a Taraba, mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti da aka kafa a 1991, hedikwatarsa a Serti. Tafiyarsa ta kwanaki ce, kuma da izinin hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta ake yin ta. Ba wanda ya ce wannan tsari ya rage wa wuraren daraja. Duwatsun kusa da gari ne aka bari ba mai tambaya.

Hukumomin yawon buɗe ido na jihohi da ƙananan hukumomi suna da aikin da ba ya buƙatar kwangilar miliyoyi. A zauna da masu unguwanni a fitar da hanyoyi biyu ko uku a kowane wuri waɗanda ba su ratsa gona ko wurin al'ada ba. A shafa fenti a duwatsu a mararraba. A kafa allo a mafarin hanya mai ɗauke da kilomita da tsayin hawa da awannin da take ci. A yi rajistar matasan ƙauyen da za su yi jagora, a ba su horon taimakon gaggawa na kwana biyu ko uku, a ajiye littafi a ƙofar mai unguwa da kowane ayari zai rubuta shigarsa da fitarsa.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan mai biyan kuɗi da iyayen da ake neman izininsu. In sanarwa ta iso, a kira mai shiryawa a tambaye shi kilomita nawa ne, ƙarfe nawa za a fara taka ƙasa, ƙarfe nawa za a juyo, wane ne ɗan jagora kuma daga wane ƙauye, mai unguwa ya sani ko bai sani ba, kuma wane asibiti ne mafi kusa. In ya fara kame-kame, a riƙe kuɗin a nemi wani ayarin.